Sa Hannun Mai Ƙasa

A wani gari aka kafa doka cewa duk kayan gini sai da takardar shaida daga wanda ya ƙera shi, cewa ba ya cutar da muhalli. Barmo magini yana tsakar ɗaga wa tsohuwarsa ɗakin laka kafin damina, sai ga Malam Sidi, jami'in duba gine-gine.

"Barmo, wane kamfani ne ya yi ƙasar nan?"

"Ranka ya daɗe, ƙasa ce fa."

"Na gani. Ina sa hannun mai ita? In babu, Laraba za a rushe ɗakin nan."

Barmo ya goge hannu a wando. "Ai mai ita yana kusa. A lambunka na ɗebo, ranar da ka haƙa rijiya ka ce kowa ya kwashe tulin."

Malam Sidi ya ɗaure fuska. "Ba zan sa ba! Wa ya san gubar da ke cikinta?"

"To rubuta min hakan in kai kasuwa. Gara masu sayen albasar lambun su ji."

Jami'in ya dubi maƙwabtan da suka taru, rabinsu albasarsa suke ci. Ya zaro biro ya sa hannu, ya buga hatimi, sannan ya tsaya a layin ƙarshe.

"Nan ana son ranar da aka ƙera ta."

"Ranka ya daɗe, ai kai ne kamfanin. Ni zuwa na yi na tarar da ita."