Jatau da Ƙaramin "In"

"Ga ta nan, ga ta nanku. Wanda bai gama tuwo ba ya haɗiye."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wani mutum ne wai shi Jatau, gaggawa ta yi masa yawa. Sai ya tafi birni koyon Turanci. Ran farko malami ya ce masa, in aka liƙa "in" a goshin kalma, takan juya ta koma kishiyarta. "Correct" daidai ne, "incorrect" ba daidai ba. Sai Jatau ya naɗe tabarmarsa, ya ce ai ya gama. Kwanansa ɗaya ya dawo ƙauye, ya sauka gidan yayarsa Kande, ungozomar garin.

Ana nan sai aka kawo wa garin injin rijiya a akwati, an rubuta "incomplete". Jatau ya duba ya ce, "Kayan nan ba su cika ba." Aka buɗe, aka tarar babu bututu. Shi ke nan, duk takardar da ta shigo garin sai an kai wa Jatau.

Sai wata likita da ta yi wata uku tana aiki tare da Kande ta aiko mata wasiƙa da Turanci. Kande ta kai masa.

"Karanta mini."

Ya bi da yatsa har ya iso "invaluable". Sai ya girgiza kai. "Yaya, 'valuable' abu mai daraja ne. Ga kuma 'in' a gaba. Cewa ta yi aikinki ba shi da daraja ko kaɗan."

"Ni Kande? Matar da muka ci a kwano ɗaya?"

"Ni dai abin da ke rubuce na faɗa."

Sai Kande ta ɗaure kayan aikinta a tsumma, ta cusa ƙarƙashin gado. Mata na naƙuda ana aikowa, ta ce a nemi mai daraja. Sai dai a ɗora mace a amalanke a kai ta wani gari.

Sai kuma aka kawo duro na man injin, an rubuta "inflammable" da jan fenti. Mai gari ya ce a ina za a ajiye?

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ko'ina. 'Flammable' mai kama wuta ne. Wannan kuwa ga 'in'. Ko a murhu aka sa shi ba ya ci."

Kande ta ce, "Jatau, warinsa fa irin na fetur ne."

"Yaya, hanci ya fi boko ne?"

Sai ya mirgina duron ya jingina da madafinta. Da rana tsaka tana suyar ƙosai, wuta ta lasa. Allah ya sa ta fita ɗebo ruwa. Madafi ya tafi, rumbun gero ya bi shi, har akurkin kaji.

Washegari bakaniken da zai haɗa injin ya iso, ya ga toka. Ya ce, "Wa ya kai wannan kusa da wuta? 'Inflammable' ai abin da ke saurin kamawa ne. Ba kowane 'in' ke juya kalma ba."

Sai Kande ta shiga ɗaki ta ɗauko wasiƙar. "Malam, duba mini wannan."

Ya karanta. "Baba, cewa ta yi taimakonki ya wuce a yi masa kuɗi. Ba ta taɓa ganin ungozoma kamarki ba."

Kande ta juya ta dubi ƙanenta, ta daɗe tana dubansa.

"Wata biyu ina kuka a kan yabo. Rumbuna kuma ga shi nan. Ni da me na yi maka, Jatau?"

"Yaya, ai na farkon na faɗa daidai."

"Kwaɓa ƙasa za ka yi, ka gina mini rumbu. In ka gama, ka koma birni. Kada in sake ganinka sai ka shekara."

Tana cikin faɗa aka aiko matar maƙeri na naƙuda. Sai ta jawo ƙunshinta, ta karkaɗe, ta wuce, ta bar shi da laka har gwiwa.

Ƙurunƙus kan kusu, ya tsere da jelarsa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kai Ɗanlami da ke cewa ka gama littafinka, kawo shi gobe in sa a tambaye ka.