Cikin Sarki da Nonon da Ya Yi Barci

Ina neman afuwar mai karatu tun da fari. Sai da furfura ta fito mini sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka hannuna bai faɗa ba. Na rubuta tatsuniyar nan ne yadda nake faɗa wa jikokina.

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta iso, mun shimfiɗa mata tabarma.

Zaki ne, Sarkin Dawa, cikinsa ya lalace. Nama da safe, nama da rana, nama da yamma. Ciki ya ɗaure, ya kumbura, ya riƙa ƙugi a tsakiyar fada: ƙurrr! Sarki kuwa mai kunya ne, ba zai ce cikinsa ne ba.

Sai Kura ta miƙe ta ce, "Jama'a, Sarki ya yi magana. Ya ce a ba ni Gada."

Aka dubi Sarki. Sarki ya dubi ƙasa. Aka ba ta Gada.

Washegari, ƙurrr! Kura ta ce, "Zomo ya ce." Aka ba ta Zomo.

Rana ta uku ciki ya ce ƙur, ya tsaya. Kura ta ce, "Magana gajeruwa. Mijin Bushiya ke nan."

Bushiya ta faɗi ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ni ban ji sunan maigidana a ciki ba."

Giwa, wadda ita ce waziri, ta ce, "A ɗaure shi zuwa zaman Juma'a. In Sarki ya maimaita, shi ke nan."

Bushiya ta ruga rugar Fulani, wurin wata tsohuwar Bafulatana, Goggo Dudu. Ta ce, "Goggo, cikin Sarki zai cinye mini miji."

Goggo ta ce, "Me yake ci?"

"Nama."

"Sai me?"

"Sai nama."

Goggo ta ce, "Ki ba shi nonon da ya yi barci. Shi ke kwantar da ciki, ya kwance abin da ya ɗaure, ya ƙara wa ƙashi ƙarfi." Ta ba ta madara ƙwarya guda.

Bushiya ta kai gida, ta goya ƙwaryar, tana jijjigawa tana rarrashi. Gari ya waye, madara idonta biyu.

Ta karɓo wata. Ta yi mata fifita, tana ɗaga faifai tana leƙawa ko ta rufe ido. Gari ya waye, madara idonta biyu.

Ta koma ta ce, "Goggo, abin naki ba ya barci."

Goggo ta ce, "Ke 'yar nan, ke kina barci ana leƙa ki? Ki tafasa, ki bari ta huce. Ki zuba ludayi guda na kindirmon jiya, shi ya iya barci, zai koya mata. Ki rufe, ki tafi harkarki."

Ta ba ta wata madarar da ludayin kindirmo. Haka Bushiya ta yi. Da safe ga nono ya kwanta luf, har ludayi yana tsayawa.

Ta bi ta ƙofar baya ta kai wa Sarki. Ya shinshina ya ce, "Ina ƙashinsa?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba shi da ƙashi. Ba kuma don ciki ba ne, wa ya ce ciki? Don sheƙin geza ne."

Sarki ya ce, "To, in don geza ne." Ya sha. Ya zaga bayan gida, ya daɗe, ya fito yana gaida mutane. Kullum ta kawo, kullum ya sha.

Ran Juma'a fada ta cika. Aka kawo mijin Bushiya a ɗaure. Kura kuwa tun jiya ba ta ci komai ba, tana tanadin wurin mijin Bushiya.

Aka saurara. Shiru. Aka ƙara saurare. Shiru. Can sai aka ji ƙurrr! Amma daga wajen Kura.

Bushiya ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na ɗan iya wannan yaren. Cikin Kura ya ce Gada da Zomo suna wurinsa, kuma ba wanda ya ba shi su."

Aka dubi Sarki. Sarki ya ɗago kai, ya buɗe bakinsa na ainihi, ya ce, "Ni ma haka na ji ya ce. A kwance wannan, a ɗaure waccan."

Bushiya ta ja mijinta suka tafi gida. Ta rage ludayi guda saboda na gobe.

Ƙurunƙus, kan ludayin Goggo.

Yara, ku sha kindirmo. Wanda cikinsa ya kwanta shi ke magana da bakinsa.

Inda na karkata harafi ko na ci wasali, ina roƙon masana su gyara mini, Allah ya saka musu da alheri.