Kurege da Abin Wuyan Shanu

Ku gyara zama, ga wata nan tafe tana kaɗa wuya.

A gidan gonar Hajiya Tabawa, kowace saniyar tatsa tana da wata 'yar na'ura a wuya mai ƙirga motsinta. In saniya ta shiga neman bijimi, ba ta iya zama wuri ɗaya. Sai na'urar ta kai gulma wayar Hajiya, ƙofar wani ɗan garke ta buɗe mata da kanta. A ciki kuwa dusa ce da ƙuli-ƙuli, ta yi ta ci kafin likitan dabbobi ya zo ya yi mata barbara da bututu.

Kurege, da yunwa ta mai da shi kamar tsinken tsintsiya, ya kwana uku yana leƙe. Ya ce, "Ashe gudu ake saye da ƙuli? Ni da nake yin sa kyauta!"

Ya je wurin wata tsohuwar saniya. "Goggo, kaska ta yi gari guda a ƙarƙashin abin wuyanki. Kawo in wanko miki."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji ta, ta sunkuyo.

Ya ɗaura abin a ƙugu zagaye uku, ya yi ta zarya har la'asar. Ƙofa ta buɗe. Ya ci ya yi nak, ya sulale ta ƙarƙashin shinge. Likita Jatau ya zo ya tarar da kwano wayam.

Da gari ya waye, ƙafafun Kurege suka ƙi takawa. Sai ya nufi karen gadi. "Ranka ya daɗe, Hajiya ta naɗa ka sarkin gona. Ga lambarka, amma sai ka zagaya ƙasarka sau ɗari."

Ya rataya masa abin wuyan, kare ya yi ta gudu har harshensa ya kusa share ƙasa. Kurege ya karɓi lamba wai zai goge mata ƙura, ya wuce ya ci ƙuli. "Ni ne mai noma da ƙafar wani!" in ji shi.

Da gari ya waye, haɗama ta ce kwano ɗaya ya yi kaɗan. Ya yi wa shanu biyu ƙaryar kaska, ya sa kare ya zagaya da lamba uku, ya ɗaure su duka a jikinsa ya shiga. Ya ci, ya ci. Da ya zo fita, ciki da kaya suka maƙale a shinge.

Sai ga Hajiya da likita. Ta dubi waya ta ce, "Alhamdu lillahi! Likita, shanu uku ne a nan."

"Hajiya, kurege nake gani."

"Kai ka fi waya sani? Yi aikinka, kada lokacinsu ya wuce."

Likita ya ɗaga kafaɗa, ya zura safar hannu har hammata, ya zaro bututun barbara wanda ya fi Kurege tsawo sau biyu. Nan tsoro na gaskiya ya kama mutumin naku.

"Hajiya, ki ji tsoron Allah, ni namiji ne!"

Ta sake duba waya. "Ba a rubuta ba. Riƙe min wutsiyarta, likita. Ta rame dai, amma za ta ɗauka."

Kurege ya yi wata irin fizga, ya bar abin wuya uku da rabin gashin wutsiya a hannun likita. A bakin ƙofa Goggo ta sallame shi da kofato, kare ya raka shi har bakin rami.

Yana dafe da ƙugu, 'yan'uwa suka taru suna dariya. Ya harare su ya ce, "Ku yi ta yi. Duk danginmu, wa aka taɓa ƙirgawa shanu uku, har aka kira masa likita?"

Ƙurungus, ta tsaya a nan da guntuwar wutsiya.