Kujerar da Aka Rage wa Ƙafa

"Ni fa Goggo na gaji. Cokali ɗaya sai ya riƙe a baki kamar ajiya aka ba shi. Ba ya haɗiyewa, ba ya tofarwa, ni kuma ina da wajen zuwa."

'Yar cikinsa ce ta faɗa mini haka, a gabansa, kofin romo a hannu ɗaya, makullin mota a ɗayan. Shi kuma yana jingine da filo yana kallonta. Sarai yake ji. Bakin ne ya yi nauyi, kunnen ƙalau yake.

Ya 'yan uwa, kafin ku ce wannan 'ya ba ta da tarbiyya, ku dakata. Tana da ita. Wadda aka ba ta ce take bi. Bari in ɗauko muku daga tushe.

An yi wani mutum, ba zan kira sunansa ba, don yana raye kuma yana da 'ya'ya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na mahaifiyarsa, shi ya sa abin da zan faɗa ba ji na yi a gari ba.

Da kasko ɗaya ya fara, a ƙofar gidan uwar. Ita ta koya masa yadda ake suyar kaza ciki ya dahu baya bai ƙone ba. Ita ke fere dankali, shi yana soyawa. Akwai wani dogon benci a gefe, mutum ya saya ya zauna, ya ci, a yi hira. Wani ma ba ya sayen komai, hirar ce ta kawo shi, tsohuwa ta miƙa masa fiffike ta ce taɓa ka ji ko gishiri ya ji.

Kuma ku ji ni da kyau. Mutumin nan bai taɓa sayar wa kowa mushe ba. Bai tauye awo ba. Zakkarsa tana fita. Da ɓarawo ne da ban ɓata bakina ba, kowa ya san makomar ɓarawo. Nasa zunubin irin wanda ake yi da fararen kaya ne, mutane suna sa maka albarka.

Allah ya buɗa masa, ya kama shago a bakin titi, da tebura da kujeru da gilashi. Wata safiya ya tsaya bayan kanta yana kallon wasu dattawa biyu. Kofin shayi ɗaiɗai suka saya, suka baje, suna ta labarin duniya, ga masu saye a tsaye babu wurin zama. Bai kore su ba, yana da kunya a lokacin. Sai ya aika aka kira kafinta.

Ya ce masa, "Ƙafafun gaba na kujerun nan, ka rage mini su. Kamar faɗin yatsa biyu, kada ido ya gane."

Kafinta ya ce, "Maigida, ai mutum zai riƙa zamewa. Kujera don zama ake yin ta."

Ya ce, "Wannan don tashi nake son ta."

Kafintan da bakinsa ya ba mijina labarin, bayan shekaru.

To abin ya yi aiki. Ka zauna ba ka ga komai ba, amma cinyarka tana ta tokare ƙasa, bayanka yana ƙagewa. Kana gama lomar ƙarshe sai ka ji ka miƙe, kai da kanka ba ka san me ya tashe ka ba. Wani ya zauna, shi ma ya tashi. Ciniki ya ninka. Ya kawo kwalin takarda mai mariƙi, wanda ba ya son zama ya karɓa ya yi gaba. Har mutane suka sa masa suna Ɗauki-ka-wuce, shi kuma ya ji daɗin sunan ya rubuta a allon shago.

Shago ɗaya ya zama biyu. Aka buɗe kusa da tasha, aka buɗe kusa da asibiti, aka buɗe gaban makarantu, aka tsallaka wasu garuruwa. Ko'ina ka shiga launi ɗaya, ɗanɗano ɗaya, kujera ɗaya. Ma'aikata kuwa ko ta tashin ma ba a ba su ba, a tsaye suke yini. Ana kiransa taro ya koya wa matasa sana'a, yana ce musu lokaci shi ne jari.

Har nan ban ce komai ba. Kasuwa ce, kowa da dabararsa, Allah ne zai yi hisabi.

Amma da ya gina babban gida, sai ya yi falo biyu. Na ciki, kujerun laushi, ka zauna ka nutse, na abokan harka ne. Na waje, na dangi. Ku faɗa mini, wace kujera kuke jin ya sa a falon dangi?

Kawunsa ya je gaishe shi, dattijo mai son hira. Ya zauna yana ta gyara zama, ya gyara, ya sake gyarawa. Kafin ya gama tambayar iyali an miƙo masa kwali mai ɗumi, an ce direba yana jira. Bawan Allah daga nan kantin magani ya wuce, wai bayansa ya fara taɓuwa. Yaran gidan suna leƙe ta bayan labule suna dariya, don sun san sirrin. Uban ne ya gaya musu. Ya ce, "Duk wanda kuka ga ya zo ya zauna, buƙata ce ta zaunar da shi. Ku ba shi abin da ya zo nema tun kafin ya buɗe baki, kowa ya huta."

Ya 'yan uwa, yaro ba ya mantuwa da abin da ya koya yana dariya.

Uwar kuwa tana nan a tsohon gidanta, ta ce ba ta iya kwana inda ba ta jin motsin maƙwabta. Bai bar ta da yunwa ba, haram. Kullum direba zai kawo kwali, kaza da dankali da burodi. Matar da haƙoranta suka zube, me za ta yi da soyayyar kaza? 'Ya'yanmu ne suka yi ƙiba da ita. Ta tambayi direba, "Yana lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, ya ce a gaishe ki." Ta ce, "To madalla, aiki ne ya yi masa yawa."

Wata rana ta dawo daga asibiti, na shiga duba ta. Da na tambaya ta ce likita ya yi mata wata magana, amma ɗanta za ta fara gaya wa. Washegari ta yi wanka, ta sa tufafinta masu kyau, ta shiga motar haya ta tafi gidansa.

Yana da baƙi a falon ciki. Aka sa ta a na waje.

Ta jira. Da ya fito, a tsaye ya gaishe ta, waya a kunne.

Ta ce, "Zauna, ina da magana."

Ya ce, "Faɗi Inna, ina jin ki."

Ta ce, "Ba ta tsaye ba ce."

Ya ce, "To ki bari gobe zan zo har gida." Ya juya ya ce a kawo wa Inna kwali biyu, a kai ta a mota.

Da ta dawo na shiga wajenta. Ban same ta tana fushi ba. Kunya na same ta tana ji. Ta ce mini, "Ke, tsufa ya gama da ni. Yau ko zama a kujera na kasa. Ina ta zamewa kamar ƙaramar yarinya, sai da na riƙe tebur da hannu biyu. Allah ya sa surukata ba ta gani ba, kada in kunyata yaron nan a gidansa."

Kun ji? Kanta ta ɗora wa laifi. Har ta koma ga Allah ba ta san an rage wa kujerar ƙafa ba.

Goben nan kuwa bai zo ba. An buɗe sabon shago a wani gari, ya tafi. Kafin ya dawo ta kwanta, kafin ya samu sarari ta daina magana. Ya zo jana'iza, ya yi kuka na gaskiya, ban ce na ƙarya ba. Bayan an watse ya ja ni gefe ya ce, "Me take son gaya mini?" Na ce ban sani ba, ta ce kai za ta fara gaya wa. Har yau babu wanda ya sani.

Duniya ta ci gaba da ba shi, har ya ɗauka an yafe. Matarsa ta rasu, 'ya'ya suka girma, shaguna suka ƙaru. Sai ranar nan yana tsaye yana duba sabon wurin suya, ya ce hannunsa ya yi masa nauyi. Bai ƙarasa maganar ba ya faɗi. Ɓarin jiki ya shanye, harshe ya karye, maƙogwaro ya daina karɓar abinci sai da lallashi. Likita ya ce maganinsa ba mai tsada ba ne: abinci mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan, da wanda zai zauna kusa da shi ya jira ya haɗiye.

Wanda zai zauna. A wane gida?

'Ya'yan suka karɓi harka. Ba su iya zama tebur ɗaya su gama magana ba, kowa yana sauri, kowa ya yanke nasa. Wannan ya sayar da na tasha, wancan ya rufe na asibiti don ya rama. Wasu 'yan kasuwa suka buɗe nasu a tsallaken titi, suka janye masu saye. Allunan suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Babban gida ma ya tafi. Abin da ya rage shi ne tsohon gidan uwar, shi ma don an manta da shi ne.

Nan suka kawo shi, ɗakin da ta yi jinya. Babban ɗan ya zo da gado da katifa, da kujeru biyu daga cikin na shagunan da aka rufe. An sayar da tukwane, an sayar da firji, an sayar da tebura, amma kujerun an rasa mai saye. Duk wanda ya gwada zama sai ya ce a'a.

Kuma yaran nan ba mugaye ba ne, ku daina girgiza kai. Suna biyan mai jinya, in wannan ya gudu su kawo wani. Suna aiko da magani. Ranar farko har kwali suka aiko masa, kaza da dankali, mutumin da ruwa ma sai ya yi dabara. Ya kalli kwalin nan, ya juya fuska bango. Duk abin da ya koya musu suna yi. Abu ɗaya ne bai koya musu ba, shi ne kuma yake nema.

Ni da na ga haka, na sa aka samo guntayen katako aka buga a ƙarƙashin ƙafafun gaba. Kujera ta daidaita, na zauna na gwada da kaina, lafiya lau. 'Yar ta zo, ta ɗosana a bakin kujerar, ƙafa a tokare, jaka a kafaɗa, kamar yadda ta saba. Kujerar an gyara ta da ƙusa huɗu. Yarinyar fa, da me za a gyara ta?

Ya 'yan uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Aike ba zumunci ba ne. Kwano ba ya gaida uwa, direba ba ya maye gurbin ɗa. Malamai sun sha gaya mana haƙƙin iyaye ba ya jira sai lahira, tun nan ake fara biya, kuma da irin mudun da ka auna. In tsohuwa ta ce zauna, ajiye wayar ka zauna, ko tukunya ce a wuta sauke ta. Ba ka san ko maganar ƙarshe ce ba. Mu kuma iyaye mu lura da abin da yara suke gani ta bayan labule, don da shi za su yi jinyarmu. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa tsayawa a bakin ƙofa ta ce wa uwarta sauri nake ba? Ba sai da kafinta ake rage wa kujera ƙafa ba. Da fuska ma ana yi, da duba agogo ma ana yi.

Allah ya jiƙan tsohuwar nan, ya sa ta samu wurin zama mai daɗi a inda ta je. Shi kuma Allah ya sa wannan kwanciya ta zama kaffara. Allah ya kiyaye mu, mu da abin da muka haifa, kada ya sa mu roƙi 'ya'yanmu abin da muka hana iyayenmu.

Ranar da 'yar ta yi mini ƙorafin nan, ta dire kofin romon a kan tebur, ta ce mai jinya ya ƙarasa ba shi in ya dawo. Ta miƙe ta gyara mayafi. Sai uban ya motsa hannun nan mai lafiya, ya kamo bakin mayafin da yatsu biyu. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, miyau yana zuba, muna tsaye muna jira. Da ƙyar maganar ta fito.

"Zauna. Ina da magana."

Makullin motar yana hannunta.