Tsutsar da Ba a Yi wa Sallama Ba

Akwai wata baiwar Allah mai karatun digiri na uku, abokan karatunta suna ce mata Dakta Gobe, don duk ranar da ka tambaye ta yaushe za ta gama, sai ta ce gobe-goben nan. Shekara uku ke nan tana goben.

Bincikenta a kan wasu tsutsotsi ne sirara, waɗanda ido ba ya gani sai an sa madubin ɗakin gwaji. Daga bakin wani tafki mai gishiri aka ɗebo su, tafkin da kan ƙafe ƙaf ya yi watanni babu ɗigon ruwa. Ikon Allah, idan fari ya zo sai su bushe kamar zare, ba ci ba motsi, ranar da ruwa ya sauka kuma su miƙe su ci gaba da harkarsu. Ita so take ta gano abin da ke cikin ƙwayoyin jikinsu da ke hana su lalacewa.

Faranti goma sha biyu kacal na tsutsotsin take da su. Ba sa saurin hayayyafa a ɗakin gwaji, tafkin kuma ba nan kusa ba. Kafin Farfesanta ya yi wata tafiya ya faɗa mata ƙarara: saura mako uku kwamiti ya zauna, dole ta nuna ta busar da su sun farfaɗo har sau uku, in ba haka ba sai zaman baɗi.

A ɗakin akwai wani dattijo mai wanke kwalabe da farantai, shekararsa ashirin da biyu yana wannan aikin, kowa Baba yake ce masa. Da ya ga ta jera faranti uku a gaban fanka, sai ya ajiye soso ya matso.

"'Yata, kin yi musu sallama kuwa?"

"Baba, yanzu har tsutsa ake wa sallama?"

Ya ce shi dai haka yake kiran abin. Waɗanda suka riga ta, a cikin tulun gilashi suke rufe farantan tare da kofin ruwan gishiri, laima tana raguwa kaɗan-kaɗan har kwana huɗu, don tsutsar ta san fari na tafe ta kintsa.

Dakta Gobe ta yi lissafi, kwana huɗu sau uku, sha biyu ke nan, ga rubutu jibge yana jiranta. Ta yi murmushin da ya fi zagi ciwo, ta ce waɗannan fa ba irin tsutsotsin da ya saba gani ba ne, wahala ce abincinsu. Baba ya koma wajen famfonsa.

Cikin awa biyar suka bushe. Washegari ta ɗiga musu ruwa, ta kafa ido a madubi har wuyanta ya sage. Shiru. Ta ba su kwana biyu ko za su yi tunani, shiru dai.

Ta ce ruwan ne ba shi da kyau. Ta sauya ruwa, ta sake busar da uku, suka bi 'yan uwansu. Ta ce zafin ɗakin ne, ta rufe tagogi, ta ƙara uku. Su ma ko gezau.

Takaicin har gida ya bi ta. Ta ƙona girki sau biyu a mako guda, maigidanta ya tambaye ta cikin wasa ko a kai wa tsutsotsin ta'aziyya, ta wuni ba ta kula shi ba.

Da ta rasa wanda za ta ɗora wa laifi, sai ta waiwayi Baba. Ta rubuta wa ofis cewa ba ya ɗauraye farantai sosai, sauran sabulu ne ke kashe mata aiki. Ba tare da wani bincike ba aka ɗauke shi daga ɗakin gwaji, aka mayar da shi sito yana jera kwalaye.

Ana saura kwana shida kwamiti ya zauna, sai Farfesa ya dawo. Ya saurare ta har ta gama kora bayani, sannan ya tambaye ta yadda take busar da su. Tana ambaton fanka, sai ya cire tabarau ya murza ido. Ya jawo babin farko na kundinta, ya buɗe wani shafi, ya ce ta karanta da ƙarfi.

Ta karanta. Idan laima ta fara raguwa a hankali, tsutsar takan shiga tara wani irin sukari da wasu sunadarai a cikin ƙwayoyin jikinta. Su ne ke maye gurbin ruwa, su daskare kamar gilashi, su tallafi bangon kowace ƙwaya kada ya yage. Wannan tanadi kuwa kwanaki yake ci.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"To hannunki ya sani, kanki ne bai samu labari ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, Malama. Ko a tafkin nasu ai ba rana ɗaya ruwan ke ƙafewa ba."

Daga nan ta gangara sito. Ta tarar da Baba yana kakkaɓe ƙura daga kan kwali, ta durƙusa har ƙasa ta ce ta zo neman gafara, ƙarya ta yi masa, kuma ita da bakinta za ta je ofis ta warware.

"Tashi, 'yata. Na ji zafi kam, ba zan ɓoye miki ba, amma na yafe. Faranti nawa suka rage?"

"Uku, Baba."

"To zo mu je, kafin ki gama da su."

Shi ya dama ruwan gishirin, shi ya rufe tulun. Kwana huɗun nan ta yi ta zagaye tulun kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Sau biyu tana kai hannu ga murfin, Baba yana gyaran murya daga wajen famfo, sai ta janye.

Rana ta biyar ta yi bismillah ta ɗiga ruwa. Awa ɗaya ta wuce babu labari. Ta biyu ta kusa cika sai ta ga wata jela ta lanƙwashe, ta miƙe. Can wata ta bi. Kafin la'asar farantan uku sai wutsil-wutsil suke yi. Ta zauna a kujera tana hawaye tana hamdala.

Washegari kwamiti ya zauna. Suka duba, suka yaba, sannan suka tuna mata cewa gwaji uku aka ce, ita kuwa ɗaya ta kawo. Ta roƙa, Farfesa ya sa baki, suka ce ƙa'ida ba ta san kuka ba.

An mayar da Baba aikinsa da takardar ban haƙuri. Ita kuma ta ɗauki farantanta uku ta koma kiwon tsutsa daga farko. Kwana goma sha biyu ta ƙi jira, sai ga ta da jiran shekara guda cur.

Darasi: Ko mai juriya sai an ba shi lokacin shiri, kada ka ce wane ya saba da wahala ka jibga masa ita rana ɗaya. Kada kuma takardarka ta sa ka raina wanda ya tsufa a kan aiki, balle ka rataya masa laifin gaggawarka. Allah Ya ba mu haƙuri da jin shawara. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda hannunsa ke kan murfi yanzu haka.