Injiniyan da Ya Bi Sawun Abokin Ɗakinsa

An yi wani mutum, injiniya a wata ma'aikatar ruwa, wanda Allah ya ba shi ido biyu lafiyayyu, amma bai taɓa ganin alheri da ko ɗaya ba. In ka gaishe shi da fara'a, akwai abin da kake nema. In ba ka gaishe shi ba, akwai abin da kake ƙullawa. Shi a wurinsa wannan basira ce.

Sai aka tura shi kwas na sati uku a wata ƙasa, shi da wani abokin aikinsa da ake ce wa Dogo. Ɗaki ɗaya aka ba su a otal. A gida kuwa kujerar mataimakin shugaban sashe ba kowa a kanta, kuma kowa ya san ɗayansu za a ba.

Aka gama kwas, saura kwana uku jirgi ya tashi. Jama'a suka bazama kantuna neman tsaraba. Dogo ya yi wanka da safe, ya fesa turare, ya ce zai je gaida 'yan uwa. Injiniya ya yi murmushi. 'Yan uwa? A ƙasar da ko yarenta ba ka ji?

Ya 'yan uwa, tambaya nawa ce a nan? Ɗaya. "Su wa ke nan?" Amma mai mugun zato ba ya tambaya, don yana tsoron a ba shi amsa mai kyau.

Injiniya ya sayi hular sanyi da baƙin tabarau, ya bi Dogo. Dogo ya shiga jirgin ƙasa, shi ya shiga taragon baya. Birni ne da mutane ke tahowa daga nesa don su ga gadojinsa da tsofaffin gine-ginensa. Injiniya ya yi kwana uku yana yawo a cikinsa, bai ga komai ba sai ƙeyar Dogo.

Ranar farko wata mata ta buɗe ƙofar wani bene, ta riƙe hannun Dogo tana share hawaye. Injiniya ya ɗauki hoto. Rana ta biyu suka zauna a shagon shan shayi, tana tura masa faranti gabansa. Ya ɗauki hoto ta bayan gilashi. Rana ta uku suka tsaya a ƙofar makarantar yara, wata yarinya ta fito a guje ta ɗale wuyan Dogo. Har da 'ya! Injiniya ya tsuguna bayan kwandon shara, ya tura hotunan ga shugaban ma'aikata da matar Dogo. Ya rubuta a ƙasa cewa ba gulma ba ce, amana ce.

Abin da bai lissafa ba shi ne, shi ma ana iya ganinsa. Maigadin makaranta ya hangi baƙo da baƙin tabarau, a laɓe, yana ɗaukar hoton yara. Kafin Injiniya ya miƙe, 'yan sanda sun iso.

A ofishinsu aka buɗe wayar: hoto tamanin na mace ɗaya da 'yarta, da ƙofar gidansu, da lambar motarta. Ya rantse wa tafinta cewa shi mutumin kirki ne. Ɗan sandan ya dube shi da irin kallon da shi ya shekara ashirin yana yi wa mutane, ya ce duk wanda aka kawo haka yake cewa.

Ana cikin haka saƙon matar Dogo ya shigo: "Allah sarki, Yaya ce! Shekara goma sha ɗaya rabonsu da juna, tun da aure ya kai ta can. Don Allah turo min sauran." Na shugaba ya biyo baya, layi ɗaya: wannan aka tura ka koyo?

Dogo ya zo da yayarsa, suka roƙa, suka ce sun yafe. Hukumar makaranta ta ce ba 'yarsu kaɗai ce a hotunan ba. Da za su tafi, Dogo ya ce masa, "Kullum sai Yaya ta ce in zo da abokin ɗakina ya ci abinci. Ina dawowa ba na samun ka ne."

Jirgi ya tashi ba shi. Ya yi wata biyu a tsare, sannan aka sako shi a wani jirgin da tambarin kora a fasfo. Ya iso gida ya tarar da takardar sallama. Kujerar kuwa kun san wanda ya hau.

Ko ya tuba? Har yau yana zaune a ƙofar gidansa yana gaya wa duk mai saurare cewa tarko aka ɗana masa, kuma ya kusa gano masu hannu a ciki.

Ya 'yan uwa, an hana mu yawan zato, an hana mu binciken asirin juna. Ba don Dogo kawai aka hana ba. Dogo ya dawo lafiya, har ya yi ƙiba. Mai zaton ne zatonsa ya cinye wa aiki da mutunci, ya bar masa tabbacin cewa shi ke da gaskiya. In kana shakkar ɗan uwanka, buɗe baki ka tambaye shi. In ba za ka iya ba, kama bakinka, ka mai da wayarka aljihu.

Allah ya wanke zukatanmu daga mugun zato, ya shagaltar da mu da gyaran aibinmu. Allah ya kiyaye mu.