Tukur da Rigar Majigi

Akwai wani mutumin Gazara, Tukur, da ya taɓa fitowa a majigi, wato sinimar da ake yawo da ita gari-gari, jim kaɗan bayan samun 'yancin kai. Shekarar ta ɓace mini, haka ma sunan Baturen da ya riƙe na'urar. Tsufa ke nan. Abin da ya rage shi zan ba ku.

A lokacin Sarkin Noman Gazara ya rasu, ana ta maganar magaji: ko Tukur, ko maƙwabcinsa Iliyasu. Tukur manomi ne na gaske, sai dai yana son a gan shi.

Ana cikin haka 'yan majigi suka sauka Zariya za su ɗauki hoton noman auduga, suna neman manoma biyu. Dagaci ya tura Tukur da Iliyasu tare.

A wata gona bayan ganuwa, tafinta Ashafa ya ajiye kaya kashi biyu. Nan babbar riga mai aiki da ƙwaryar fura, can tsohon warki da fartanya.

Ya ce, "Ku tsaya in gaya muku labarin tukuna."

Tukur har ya zura rigar. "Wane labari kuma, Malam? Ni za a nuna wa Arewa da warki? Iliyasu, ga fartanya, kun saba."

Iliyasu ya yi murmushi. "To, Yaya Tukur. Rigar kuwa ta karɓe ka."

Aka kwantar da Tukur gindin tsamiya. Aka ce ya sha fura, ya sha. Aka ce ya yi hamma, ya yi har da miƙa. Iliyasu na can cikin rana.

Da kaka motar majigi ta iso Maƙarfi, kusa da Gazara. Tukur da kansa ya ɗauko dagaci, ya shimfiɗa masa tabarma a gaba.

Hoton ba ya magana, wani ne ke bayani da lasifika. Da fuskar Tukur ta cika farin ƙyalle, sai mai lasifikar ya ce, "Jama'a, ga malalacin manomi! Damina ta sauka, shi yana hamma!"

Gwaggo Hajo, wata dattijuwar Gazara, ta ɗaga murya daga baya: "Lah, Tukur ne! Sha a hankali, ɗan nan, kada ka ƙware!"

Fili ya kaure da dariya. Dagaci ya sunkuyo ya ce, "Tukur, na san gonarka. Amma jibi za a nuna wannan a Kudan, sannan Ikara. Wa zan ce musu na naɗa?"

Iliyasu aka naɗa. Tukur kuwa har ya yi furfura ana kiransa Mai Hamma.

Daga baya na tarar da Rahmatu, 'yar Iliyasu, a Kurmin Kogi, na tambaye ta. Ta tabbatar mini cewa a shekarar nan audugar Tukur ta fi ta mahaifinta nauyi a sikeli.

Darasi: Son a gan ka yana hana ka sauraro. Kafin ka miƙa hannu ga abin da ya fi kyau, tsaya ka ji me ake nufi da shi. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani zai tsaya ya ji.